Yadda Muka Ci Dambun Larabawa A Amurka

Yau labarin cin abinci zan ba ku, abincin kuwa da ba ni na dafa ba. Kun san dai mace takan yi shekara 20 tana tuƙa tuwo dare da rana, amma da wuya ta ƙirga rana goma da ta zauna aka kawo mata abinci gabanta, ta ci ta tashi ba ta wanke ko ludayi ba. To, in irin wannan rana ta zo, ya kamata mace ta buɗe ido ta duba da kyau, gama akwai abin koyo a cikin tukunyar wasu.

A watan Yuli na 2019 na tafi Amurka ganin ɗana na fari, wanda kunya ta hana ni ambaton sunansa. Yana aikin asibiti a birnin Atlanta, shi da matarsa. Suna da 'ya'ya biyu, mace 'yar shekara 9, watau kishiyata, da ƙanenta ɗan shekara 5, watau angona. Da yake lokacin hutun makaranta ne, sai ɗan nawa ya ce zai kai mu jihar Fulorida, kusa da wani gari Orlando, mu ga babban wurin wasan nan da ake kira Disney World. Muka shiga mota, muka yi tafiyar wajen sa'a 7 kudu sosai kafin mu isa.

Bari in ɗan bayyana muku wurin, don waɗanda ba su taɓa jin labarinsa ba. Wani Ba'amurke ne, Walt Disney, wanda ya yi suna wajen zanen dabbobi masu motsi da magana a majigi, ya gina wurin wasansa na farko a Kalifoniya a 1955. Ya rasu a 1966, aka buɗe wannan na Fulorida a 1971, watau bayan rasuwarsa da shekara 5. Manyan filaye 4 ne, kowanne da ƙofarsa. Wanda muka shiga ran nan sunansa Epcot, an buɗe shi a 1982. Tun daga nesa za ki hango wata ƙatuwar ƙwallo mai ƙyalli kamar azurfa, tsawonta ƙafa 180. Ana shiga cikinta a 'yan kekuna, a yi ta nuna wa mutum yadda 'yan Adam suka koyi rubutu da buga littafi da aika saƙo tun zamanin da.

Bayan wannan ƙwallo akwai wani babban tafki, an kewaye shi da unguwanni 11, kowace an gina ta da siffar wata ƙasa. Ga Meziko, ga Nowe, ga Sin, ga Jamus, ga Italiya, ga Amurka kanta, ga Japan, ga Maroko, ga Faransa, ga Ingila, ga Kanada. Zagayen tafkin mil ɗaya ne da 'yan kai. Kowace unguwa da irin gininta, da kantunanta, da gidajen abincinta. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne samari da 'yan matan da ke aiki a ciki, da yawansu daga ƙasashen nan aka ɗauko su, su yi wajen shekara guda su koma gida. Kowa yana da 'yar alama a ƙirji, an rubuta sunansa da sunan garinsu.

Fulorida kuwa da damina zafi gare ta irin na Ikko, mai sa zufa ta jiƙa mutum sharkaf, kuma da la'asar hadari kan taso da tsawa. Tun ƙarfe 9 na safe muke yawo. Kafin ƙarfe 1 ƙafata ta yi nauyi, angona ya fara kukan yunwa, uwarsa ta goya shi a kafaɗa. Nan fa maganar abinci ta taso, kuma nan ne mai tafiya da iyali yake gane cewa lissafi bai ƙare a bakin ƙofa ba.

A shekarar nan kuɗin shigar babban mutum guda na yini ɗaya ya haura dala 100, abinci kuwa ba ya ciki. Gidajen abincin iri biyu ne. Akwai waɗanda ake zama a kan teburi ma'aikaci ya zo ya tambaye ki abin da kike so. Waɗannan akan kama wuri tun kafin ranar, wasu ma tun da watanni, kuma bisa al'adar Amurka in an gama sai a ƙara wa ma'aikacin tukuici, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abincin. Akwai kuma waɗanda ake bin layi, a biya, a ɗauki tire a nemi wurin zama, in an gama mutum ya kwashe kayansa da kansa. Waɗannan sun fi sauƙi. Ko ina dai abinci ya fi na cikin gari kuɗi, dalili kuwa a fili yake. Wanda ya shiga ba zai so ya fita neman abinci ya ɓata rabin yininsa ba. Haka abin yake a filin jirgin sama, haka yake a tashar motar garinmu. Amma an yarda mutum ya shigo da guzurinsa, in dai ba cikin kwalba ba, kuma in kin roƙi ruwan sanyi a kofi za a ba ki kyauta. Surukata mace ce mai tattali, ta cika jaka da dabino da soyayyar gyaɗa da cincin, su suka riƙe yaran tun safe.

Bayan kuɗi akwai abin da ya fi kuɗi. Masu magana sun ce abincin wani gubar wani. A unguwar Jamus naman alade ne ake cusawa cikin hanji a gasa, ga giya a manyan kofuna, mutane na tafe suna sha a hanya. Ƙasarsu ce, al'adarsu ce, ba wanda ya tilasta mana. Mu dai muka yi ta wucewa, har muka hango wata hasumiya ja-ja mai kusurwa huɗu. Ɗana ya ce, "Hajiya, ga Maroko can, mu gwada nan."

Wannan unguwa an buɗe ta a 1984. Sarkin Maroko na lokacin, Hassan na Biyu, shi ya aiko da gwanayen magina daga ƙasarsa suka yi adon bangon da hannunsu. 'Yan ƙananan fale-falen tangaran ne, shuɗi da kore da fari, aka jera su ɗaya bayan ɗaya suka zama taurari da zayyana, babu hoton mutum ko dabba a ciki, bisa al'adar ginin Musulmi. Hasumiyar an kwaikwayo ta ne daga ta masallacin Kutubiyya na birnin Marrakesh, wanda aka gina tun ƙarni na 12. Akwai kuma ƙofa da aka kwaikwayo daga wata ƙofar birnin Fas, garin da mutanenmu da yawa ke zuwa ziyara, inda Shehu Ahmadu Tijjani ya rasu a 1815. Da muka shiga lungunan na ji sanyi ya sauko mini, gama an yi su ƙunci-ƙunci masu inuwa, kamar lungunan cikin birnin Kano.

Muka shiga wani ƙaramin gidan abinci na bin layi. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ba za ta wuce shekara 22 ba, alamar ƙirjinta ta nuna daga Fas take. Da ta ga mayafina sai ta yi murmushi ta ce, "Assalamu alaikum, Hajja, marhaba." Kai, 'yan'uwa, ban san sallama tana da daɗi haka ba sai da na yi mako uku ban ji ta a bakin baƙo ba! Na amsa mata, na sa ɗana ya yi mini tafinta. Al'adata ce in ina ƙasar da ba ta Musulmi ba in tsaya ga kifi da ganye da wake, sai fa in na san mahaucin. Na ce ya tambaye ta wane abinci ne babu nama cikinsa, babu kitse, babu giya. Ba ta ƙosa ba, ta nuna mana ɗaya ɗaya, ta faɗi abin da aka sa a kowanne. Matambayi ba ya ɓata. Muka sayi faranti huɗu, kowanne wajen dala 15, yaran suka raba ɗaya.

Ga abin da ke cikin farantin. Akwai wasu 'yan dunƙule-dunƙule soyayyu da suke kira falafel, ƙosai ne sak, sai dai da wani irin wake mai kama da gujiya ake yi, a niƙa shi da ganye da tafarnuwa. Akwai wani abu mai kauri kamar kunun gyaɗa da ya daskare, shi ma waken nan ne aka dafa aka niƙa da riɗi da lemon tsami da man zaitun, ana dangwala da gurasa. Akwai wani ƙanƙanin wake da suke kira adas, da 'ya'yan zaitun masu gishiri. Sa'an nan ga kuskus, wanda aka cakuɗa da ganye da kayan lambu. Daga baya muka sha shayi mai na'ana'a da sukari da yawa, da wata alawa mai ɓawo-ɓawo da aka tsoma cikin zuma, 'yar'uwar alkaki.

Sai ga wata matsala da Bature ba zai gane ta ba. Teburi ɗaya muka samu, kujera biyar, saboda cunkoso. A gida surukata ba ta taɓa cin abinci a gabana ba, ko a Atlanta ma sai ta kawo mini nawa ɗaki ta koma madafa. Na duba na ga ta riƙe cokali tana juya kuskus, ko loma ɗaya ba ta kai baki ba, ga ta tun safe tana ɗauke da yaro. Ban ce mata kome ba. Na juya kujerata na fuskanci bango, na ce ina so in kalli aikin maginan nan da kyau. Can na ji cokali ya fara ƙara. Kunya ado ce, amma ba daidai ba ne babba ya bari ta hana 'yar mutane cin abinci.

Ana cikin haka kishiyata ta fito da wata 'yar takarda. A kowace unguwa akwai teburin yara inda ake buga musu hatimin ƙasar, ita kuwa tun safe take tarawa. Ta ƙirga ta ƙirga, sa'an nan ta dube ni, da 'yar Hausarta mai gauraye da Turanci ta ce, "Kaka, ina tamu ƙasar?" Ubanta ya gaya mata gaskiya, cewa tun farko an yi shirin gina unguwar ƙasashen baƙar fata na Afirka, amma ba a gina ba, sai wata 'yar rumfa tsakanin Sin da Jamus inda ake sayar da ganguna da sassaƙe. A wani filin dabam akwai ƙauyen da aka yi da siffar Afirka ta Gabas, amma wannan ba mu ba ne. Yarinyar ta yi shiru, kāna ta ce, "Ai ko an gina, mu ba mu da abincin da za a sayar."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Da na bi diddigi, ashe a makarantarsu an yi ranar da kowane yaro zai kawo abincin ƙasarsu ya bayyana shi. 'Yar Indiya ta kawo nata, ɗan Meziko ya kawo nasa, ita kuwa ta tafi da biskit ɗin kanti, don ba ta san abin da za ta ce game da tuwo ba. Ban ga laifin uwarta ba. Tana aikin dare, yara suna cin abincin rana a makaranta, kuma kuka da daddawa ba a kowane kanti ake samunsu ba. Amma yarinyar da ta girma tana tsammani mutanenta ba su da abin nunawa, wata rana kunyar mutanen nata za ta ji, kuma daga kunyar tuwo ake kai wa ga kunyar harshe.

Na ce mata, "Kishiya, ci ki gama, in nuna miki wani abu." Da muka gama na kama hannunta muka shiga kantunan da ke bayan gidan abincin. Ga jakunkuna da takalma na fata an rataye, ga jajayen huluna. Na ɗauki hula na ce, "Wannan mu dara muke ce mata, kakanki yana da irinta, yana naɗa rawani a kai." Na ɗauki jaka na sa ta shinshina. Na gaya mata tun kafin a yi mota majemanmu ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato su rina ta, ayarin raƙuma su ɗauka daga Kano su keta Sahara zuwa garuruwan Larabawa na bakin teku, daga can ta shiga Turai. Turawa ba su san inda ta fito ba, sai suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna rufe manyan littattafansu da ita. Na ce, "Kin gani, kayanmu sun daɗe suna yawo a duniya da sunan wasu, don ba mu aika da wanda zai faɗi sunanmu ba."

Da muka komo cunkoso ya ragu, yarinyar nan ta Fas tana share teburi kusa da namu. Na sa ɗana ya tambaye ta yadda ake yin kuskus a gidansu. Nan da nan fuskarta ta washe. Ta ce wannan da muka ci na sauri ne, na ainihi sai ran Jumma'a bayan an sauko daga masallaci. Tsakin alkama ne ake yayyafa wa ruwa a murza da tafin hannu har ya zama ƙwaya-ƙwaya. Sa'an nan a zuba shi cikin wata tukunya mai huje-huje a gindi, a ɗora ta bisa tukunyar romo, tururi ya dafa shi. A sauke, a watsa shi a faranti, a shafa mai a warware, a mayar, har sau uku. Tun ɗana bai gama fassara ba na ce, "Madambaci ke nan!" Na kwatanta mata yadda muke turara dambu da tsakin masara ko gero, mu sa zogale ko rama, da yadda mutanen Barno ke yin burabusko. Ta riƙe baki tana dariya, ta ce ashe ni gwaggonta ce.

Abin da na lura da shi, yarinyar nan ta yi karatu, tana jin Larabci da Faransanci da Turanci, amma ta san awon abincin uwarta, ta san sunan kowane abu, kuma tana faɗinsa ba tare da sunkuyar da kai ba. Fiye da shekara guda bayan wannan, a watan Disamba na 2020, hukumar UNESCO ta sa kuskus cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye, bisa roƙon Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya. Dambu bai gaza shi daɗi ba. Bambancin kawai su sun rubuta nasu, sun koya wa 'ya'yansu yadda za su bayyana shi.

Da muka koma Atlanta na shiga kanti da surukata, sai ga tsakin masara a cikin kwali, fari tas, ashe mutanen kudancin Amurka da shi suke yin fate na karin kumallo. Muka saya. Babu madambaci, sai muka shimfiɗa farin ƙyalle cikin matsami na ƙarfe muka ɗora bisa tukunya. Babu zogale, muka sa alayyafo. Na wanke tsaki kofi 3 na tsane shi, na turara wajen minti 20, na sauke na yayyafa ruwa, na zuba ganye da albasa da attaruhu da dakakkiyar gyaɗa kofi 1 da gishiri, na mayar ya sake turara, kāna na zuba soyayyen mai. Kishiyata na tsaye da littafinta tana rubuta kowane awo, tana tambayar sunan kowane abu da Hausa. Ta ci faranti guda da hannu, ta ce a ƙara. Uwarta ta gaya mini a waya cewa da ranar nan ta makaranta ta zagayo, dambu suka kai, ita ce kuma ta tsaya ta yi bayani.

Ga wadda Allah ya nufa da zuwa irin wannan wuri, ga 'yar shawara. A yi lissafin abinci tun daga gida, a haɗa shi da kuɗin shiga. A ɗauki guzuri mara lalacewa don yara. A ci abinci kafin ƙarfe 12 ko bayan ƙarfe 2, lokacin da layi ya ragu. Kada a ji kunyar tambayar abin da aka sa cikin abinci, aikinsu ne su faɗa. Ku sani kuma abin da na ba ku labari na 2019 ne. Bayan annobar korona ta 2020, wadda ta sa aka rufe wurin wata huɗu, an sauya masu kula da gidajen abincin unguwar Maroko da jerin abincinsu, saboda haka a bincika kafin a tafi.

Amma yawancinmu ba Fulorida za mu ba, kuma ba sai an je can ba. Ku 'yan makaranta, ku da kuka iya rubutu, ku sami littafi guda ku zauna kusa da iyayenku da kakanninku a madafa. Ku rubuta yadda ake dambu, da funkaso, da sinasir, da miyar taushe, da fura, da awonsu da lokacinsu. Tsofaffi da ido suke awo, ran da suka tafi kuwa da awon suke tafiya. Ku kuma iyaye mata, in yarinya ta tambaya kada a kore ta a ce ta tsare wa mutane wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba mu san garin da aure ko karatu zai kai 'ya'yanmu ba, ya kamata ko ina suka sauka su iya ɗora tukunya su ce wa baƙo, wannan namu ne, ga sunansa, ga yadda ake yinsa.

Wadda ta rubuta na garinsu ta aiko wa Edita, mu buga a wannan fili kowa ya amfana. Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya sa albarka a cikin tukwanenmu, amin. Wassalam.